Nutson da Wana Ya Yi a Dubai

Wana ne ya gaji mahaifinmu a ruwa. Ni makaranta ta ɗauke ni, daga baya fatauci ya raba ni da makaranta. Na sayar da busasshen kifi a Malanbil da Paraku, na zauna Kwatano har Faransanci ya kama bakina, na yi shekaru a Jidda ina tsaron shagon wani Balarabe. Shi kuwa, in ban da aikin Hajji, bai taɓa kwana nesa da kogin Kwara ba. Duk ranar kasuwar Lolo jirginsa ne ke fiton mutane da buhunan albasa daga ƙetare, kuma a gidanmu na Sarkawa, masu sana'ar ruwa, an san shi da nutso tun yana saurayi.

Da girma ya zo, yanar ido ta rufe masa idanu biyu. Ya bar fito, ya koma zama a bakin ruwa yana gane jirage da ƙarar injinsu. Babban ɗansa yana tuƙi a wani kamfani a Dubai, shi ya nemo likita ya ce a kawo Baba. Aka haɗa shi da ni saboda harshe.

Idon dama aka fara yi wa aiki, aka ce na hagu sai wannan ya warke. Likitan Ba'indiye ne, yana magana da Turanci ina juyawa. Ya ce kada Wana ya sunkuya, ya riƙa salla a zaune. Ya ce kada ruwa ya taɓa idon, ko na alwala, domin in ruwa ya shiga kafin wurin ya haɗe, idon na iya tafiya baki ɗaya. Sai da ya maimaita wannan yana kallona, kamar ni ne mai idon.

Wana ya ce, "Ka ce mashi na ji. Ni da ruwa ai mun daɗe da rabuwa."

Ranar da aka cire masa bandeji ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Ashe haka ka tsufa? Ba wanda ya gaya min." Ɗansa ya fita waje yana share hawaye. Tun daga ranar yaron nan ba shi da buri sai ya nuna wa uban abin kallo. Ya kai shi bakin teku, ya kai shi gindin dogayen gine-gine. Daga nan ya ce saura babban filin wasa da ke wajen gari. Ban hana ba. Na san irinsu a Jidda, lilon yara ne a bakin teku da mai sayar da gurguru, na ɗauka wannan ma haka yake.

Ba haka yake ba. Tun daga wurin ajiye motoci sai da wata ƙaramar mota ta ɗauke mu zuwa ƙofa. Ciki kuwa gari ne guda, da tituna da gadoji da duwatsu. Na ƙwanƙwasa wani dutse da sandata, sai ya amsa kamar ganga, ashe cikinsa fayau ne. Duk wanda zai je irin wannan wuri karo na farko, ina ba shi shawara ya yi sammako kuma ya sa takalmin da ƙafarsa ta saba da shi, domin tafiyar da za a yi ta kai ta mai zagaya kasuwar Lolo tun safe har la'asar. Ya kuma tambayi masallaci tun yana shiga. Akwai shi, mai tsabta, amma mu sai da azahar ta kusa fita muka gano inda aka ɓoye shi, bayan wani gidan dodanni.

Abin da ya fara tsayar da mu ihu ne. Na taɓa ganin motar haya ta kife a hanyar Doso, na ji irin ihun da mutane ke yi idan sun ga mutuwa. Irinsa ne sak ke saukowa daga sama. Na ɗaga kai sai ga wani jirgin ƙasa mara rufi a kan dogo da aka murɗe kamar igiya, ya hau sama, ya kife da mutane kawunansu a ƙasa, ya sulalo da gudu. Wana ya damƙe hannuna.

"Subhanallahi! Ya kuɓuce masu?"

Ɗansa ya ce, "Wasa ne, Baba. Su suka so."

"Su suka so mi?"

"Tsoron."

Muka tsaya muka ga sun sauko. Akwai magidanta masu gemu, akwai mata cikin baƙaƙen abaya, wasu na dariya, wata na amai a kwandon shara. Wasunsu suka sake zagayawa suka shiga layi. Ni da na ɗauka na gama ganin duniya, ashe da saura. A Kwatano na ga masu rawa da wuta, a Jidda na ga attajirin da ke kiwon damisa a gida, amma ban taɓa ganin mutum ya tsaya layi cikin rana, cikin ladabi, ba mai tsallake wani, don a tsorata shi ba. Mai niyyar hawa abin nan ya bar cin abinci sai ya sauko, ya kuma cusa hularsa a aljihu. Na ga wata hular tana saukowa daga sama ita kaɗai.

Can wani ƙaton zomo mai tafiya da ƙafa biyu ya nufo mu ya buɗe hannu zai rungumi Wana. Wana ya ja da baya yana ta'awizi. Ɗansa ya ce mutum ne a ciki.

"Cikin zahin ga? Allah shi ba shi wata sana'a."

Kafin la'asar ya ji kalmar wasa har ya fara faɗinta da kansa. Wani kada ya ɗago kai daga rafi, Wana ya ce wasa ne. Hayaƙi ya tashi daga wani gida, ya ce wasa ne. Na ɗauka ya gane. Sai daga baya na tuna cewa mutumin nan bai taɓa zama ya kalli fim ba. Tun kafin a ƙaddamar da Shari'a ba ya shiga gidan kallo, bayan an ƙaddamar kuma ɗan gidan bidiyon unguwarsu ya rufe, sannan ido ya tafi. Wasan kwaikwayo a rediyo kawai ya san shi.

Abu na ƙarshe da ɗansa ya tanadar mana shi ne wasan ruwa. Wani tafki ne babba da aka gina, da kujeru hawa-hawa a gefe guda. Ma'aikatan suka ga dattijo da baƙin tabarau, suka girmama shi suka kai mu layin gaba. Na tambayi ɗaya da Larabci ko ruwa na fallatsowa nan, ya nuna mana gefen da ba ya kaiwa, muka zauna. Tsakaninmu da tafkin ƙarfe ne kawai, iya ƙugu.

Aka fara. 'Yan fashi suka fito a kan babura masu gudu a ruwa, suka kewaye wani jirgi, bindigogi na tashi, wuta na ci. Wana ya ji daɗi. Har yana gyara wa matuƙin jirgin, wai ya cika karya kwana da wuri. Sai aka hau da wata yarinya saman wata doguwar hasumiya, hannuwanta a ɗaure ta gaba. Babban ɗan fashin ya hankaɗo ta. Ta faɗo ruwa daf da inda muke. Ta taso sau ɗaya, ta ƙwalla ƙara, ta koma.

Kiɗa ya ci gaba, faɗa ya koma can ɗaya gefen, duk idanu suka bi shi. Na Wana bai bi ba. Na ji hannunsa a gwiwata.

"Ba ta taso ba."

Na ce, "Wasa ne, Yaya."

"Kumfa ya ɗauke. Duba."

Na duba. Ruwan ya kwanta lif. Ɗansa ya ce, "Baba, sun san abin da suke yi."

"Su sun sani. Ruwa bai sani ba."

A gidanmu ba a tambayar ɗan wa ya faɗa, ko me ya kai shi. Wanda ya fi kusa shi ke shiga, haka muka taso. Ya zare tabarau ya sa mini a hannu, ya cire hularsa ya ɗora a kan tabarau ɗin. Kafin in gane abin da na riƙe, tsohon da ke salla a zaune ya dafa ƙarfen nan ya tsallake.

Mutane suka tafa. Wannan ne abin da har yau nake ji a kunnena. Ɗaruruwan mutane suka miƙe suna tafi da shewa, suna ɗaga wayoyi, sun ɗauka dattijo mai farar riga yana cikin shirin. Ni ina ihu da Larabci, na koma Turanci, na koma Faransanci, abu ɗaya nake faɗa: idonsa, idonsa. Ɗansa ya ɗaga ƙafa zai bi shi, wani mai gadi ya rungume shi ta baya. Wana ya taso ya ja numfashi, idon nan a buɗe, ya sake komawa. Sai a lokacin kiɗa ya yanke.

Wasu mutum biyu masu baƙaƙen kaya da tulun iska a baya suka ɓullo daga ƙarƙashin ruwa riƙe da shi. Yana fizgewa, yana faɗa masu da Hausa, yana faɗa masu da Dandanci, "Akwai ɗiya ƙasa! Ku sake ni, akwai ɗiyar mutane ƙasa!" Da ƙyar aka fito da shi aka shigar da mu wani ɗaki a bayan kujerun.

Ba a jima ba aka shigo da ita. Baturiya ce, lulluɓe da tawul, lafiyarta lau, har da kofin shayi a hannu. Da aka gaya mata abin da ya faru ta ajiye kofin, ta durƙusa gabansa tana kuka. Wana ya dube ta daga sama har ƙasa, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

"Ita ce?"

Na ce ita ce.

"To alhamdu lillahi." Sannan ya ce, "Kullum haka take yi?"

Shugaban wurin, wani Balarabe da ya shigo a fusace ya kuma sauko da ya ga ko wane ne, ya ce sau da yawa ma a yini. Ya ce akwai hanya a ƙarƙashin ruwa da take bi ta fita, akwai kuma masu jiranta a can.

Wana ya ce, "Tambai shi. Ranar da ta nutse da gaskiya, mutanen ga da ke tahi, wa zai tashi?"

Na juya masa. Balaraben ya ce an horar da mutane domin wannan. Na juya wa Wana. Ya ce, "To don mi ba su hwaɗa ma baƙo ba tun ƙofa?" Ban juya wannan ba, domin lokacin na lura da idon. Ya yi ja kamar garwashi, yana ƙifta shi ba ya tsayawa. Amma tambayar tasa ita ce babbar shawarar da nake ba duk mai kai tsohonsa irin wannan wuri. Kalmar wasa ba ta isa ba. Ka zaunar da shi tun a gida, ka gaya masa za a ga wuta, za a ga jini, za a ga mutum ya mutu, kuma ka gaya masa ta inda mamacin zai fita.

Motar asibitinsu ce ta kai mu. Likitan ya fara faɗa tun kafin ya zauna, yana tambayata ko ban juya maganarsa daidai ba. Na ba shi labarin. Ya ajiye fitilarsa ya dubi Wana, sannan ya shiga ba ma'aikatan jinya umarni. Wurin aikin ya buɗe, ruwa ya shiga. Aka wanke, aka yi allura a cikin idon, aka sake rufewa. Muka shiga ɗiga magani dare da rana, ni da ɗansa muna karɓa-karɓa. Yaron nan ya daina cin abinci, sai da uban ya ce masa, "Kai ka tura ni? Ci tuwonka."

Da aka buɗe, idon yana nan, amma gani ya ragu ƙwarai. Yana rarrabe haske da duhu, yana ganin mutum kamar inuwa a ruwan da aka dama. Likitan ya ce iyakar abin da zai dawo ke nan, kuma ba zai taɓa na hagu ba sai jiki ya huta. Takardar zamanmu ta ƙare, muka dawo.

Labari ya riga mu isa Lolo, domin wani ya ga hoton a waya. Abokan wasansa suka sa masa Sarkin Ruwan Dubai, in ya zauna bakin Kwara sai su ce a ɓoye tulu kada ya faɗa. Yana dariya yana rama masu. Bai taɓa kawo maganar da kansa ba, ni ma ban kawo ba, sai wata ranar kasuwa da muke zaune mu biyu muna jiran a sauke kaya. Na tambaye shi abin da ya tarar a ƙasa.

Ya ce, "Ƙasan shimfiɗe yake da tayil, shuɗi, ba laka ba ciyawa. Na bi bango ina lalube, sai ga ƙofa. Ƙofa cikin ruwa, da fitila bisa kanta, da wani mutum tsugune yana kallona, ni ma ina kallonshi." Ya shafa gefen idon dama da yatsa. "Shi ne abu na ƙarshe da wanga ya gani sarai."