Aron Harshe

Ni na laƙaba mata Iya Ɗaci, sunan ya bi ta har jikokinta ma da shi suke kiranta. Katanga ɗaya ta raba mu shekara ashirin da ɗoriya. A tsakar gidanta akwai bishiyar dogon yaro, ita ce kantin maganinta. Ganyen na zazzaɓi da sirace, ɓawon na ciwon ciki, reshen na asuwaki, mai ƙuraje kuma ta dafa masa ruwan wanka.

Ba ta da ma'auni sai harshenta. In tukunya ta tafasa sai ta ɗiba a ludayi, ta hura, ta kurɓa, ta lumshe ido, ta ce wannan na ƙato ne, ko kuma a sirka, tsohuwa ce za ta sha. Mai ciki da jariri kuwa ko an roƙe ta ba ta bayarwa.

"Iya, ɗacin bakinki ne ya kori Baba lahira," nakan ce mata ta kan katanga.

"Ke naki mijin wane zaƙi ya tsinta? Haƙuri dai yake yi, bawan Allah."

Bara ta yi wata doguwar mura. Ta warke, amma ɗanɗano bai dawo ba, gishiri da sukari duk ɗaya a bakinta. Ni kaɗai ta faɗa wa, don in labarin ya fita babu mai ƙara karɓar maganinta.

"'Yar nan, ara mini harshenki. Dama ban da surutu ba abin da yake tsinana miki."

Ta koya mini: ɗacin da ya tsaya a tsakiyar harshe ya yi daidai, wanda ya shaƙe maƙogwaro ya wuce. Wata huɗu ina kurɓa mata, ina yatsina fuska, tana dariya.

Wata Talata da hantsi matar wani magini ta zo, mijinta na kwance da zazzaɓi. Iya ta miƙo mini ludayi a ɓoye. Maganin ya yi daidai, amma halina ya motsa.

"Wannan ai ruwan wanke hannu ne, Iya. Ƙara ganye."

Niyyata in bar ta ta tsinko ganyen, sannan in kwashe da dariya. Sai na jiyo ƙaurin girkina, na ruga gida. Kafin in dawo ta ƙara damƙi uku, ta tafasa, matar ta tafi da shi.

Kwana biyu magini yana amai, sai da aka ƙara masa ruwa a asibiti. Ya tashi, alhamdu lillahi. Amma matarsa ta tsaya a ƙofar Iya ta ce tsohuwa ta ruɗe, unguwa duka ta ji.

Na durƙusa a gaban Iya na faɗi gaskiya. Na so ta zage ni, ko ta ɗaga mini ludayin nan.

"Wasa kika yi, na sani," ta ce. "Ni ce na ba mutum abin da ban ɗanɗana ba."

"Bari in je in gaya musu ni ce."

"Ki ce musu me? Wata huɗu ina ba su magani da harshen aro?"

Ranar ta wanke tukunyar ta kife. Ta yi wata bakwai a duniya bayan nan, kullum ina shiga in share mata tsakar gida. Masu zazzaɓi ba su daina zuwa duka ba, amma duk wanda ya yi sallama sai ta nuna masa hanyar asibiti, ta juya fuska bango har ya fita.