Kafa ta Huɗu

A shekarar da aka kawo sabar, wato babbar kwamfuta guda mai ɗauke aikin kwamfutoci da yawa, mu biyu ne a ɗakin kwamfuta na wani kamfanin robobi a Sharaɗa: ni da wani mutumin Jigawa da ya girme ni nesa ba kusa ba. Tsofaffin kwamfutoci uku muke jinya, ta ofis, ta sito, da ta sikelin auna manyan motoci. Kullum sai ɗaya ta kwanta, shi ya sa aikin ke cin mutum biyu.

Ranar da muka fasa kwalin, ya daɗe yana kallon akwatin, sannan ya ce, "Idan uku suka koma ɗaya, biyu ma za su koma ɗaya." Na ce masa ya cika tsoro. Iyalinsa na Dorayi, kuma aikin nan ne kaɗai abincinsu.

A cikin akwatin na kafa kwamfutoci uku waɗanda ba a gani da ido, kowacce na zaton ita kaɗai ce a gidan. A bayansa akwai kafofi huɗu na soka wayar sadarwa. Na ba ofis ta farko, sito ta biyu, sikeli ta uku, don kada su riƙa cunkuso a ƙofa ɗaya. Ta huɗun na bar ta haka nan. Abokin aikina ne ya ja wayoyin, ya naɗa wa kowacce salatif mai launi dabam. Hannunsa ya fi nawa tsabta a wannan.

Alhaji mai kamfanin ya leƙo wata Laraba bayan azahar. Shi mutum ne da ba ya yarda da abin da bai taɓa da hannu ba.

"Ina sauran kwamfutoci biyun?"

"Suna ciki, Alhaji. Ku zare wannan wayar mai jan salatif ku gani."

Ya zare. Ba a jima ba direbobi suka fara danna hon a bakin get, sikeli ya tsaya, ofis kuwa ko a jikinsa. Ya mayar, hon ya lafa. Ya sake zarewa, don dai ya tabbatar. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi ƙwarai a lokacin.

Sai ya sa yatsa a kafar da babu waya. "Wannan fa?"

"Ta ko-ta-kwana ce, ko da wata za ta lalace."

"Tana cin wani abu?"

"Ba ta cin komai."

Ya gyaɗa kai, ya dube ni, ya dubi abokin aikina, ya fita. Abokin nawa ya ci gaba da naɗe ragowar waya a hannunsa.

Ƙarshen wata aka sallame shi. Na yi shekaru a ɗakin ni kaɗai, salatif ɗinsa ko ɓarewa bai yi ba. Har na bar kamfanin babu kafar da ta lalace, ta huɗun tana nan a wurinta, ba wanda ya taɓa cewa a cire ta.