Ɗan Italiya Bai Taɓa Goya Kakarsa Ba

Kuskuren da na yi ƙarami ne, kowa ma yana iya yin irinsa. Mantawa na yi akwai mutum a bayana a kan babur. Abin da ya ɓata zancen kawai shi ne mutumin kakata ce, riƙe da ƙwaryar dawon fura a cinyarta.

Amma dole in fara da Ɗan Italiya, don shi ya jawo komai, ko da yake har yau bai san ya yi ba.

A bakin kasuwar Sabon Birni akwai shagon cajin waya, mai shagon kuma yana zuba wa mutane bidiyo a memori. A nan muka san shi. Ɗan tseren babur ne daga ƙasar Italiya, siriri kamar karan dawa, kullum cikin dariya. Sunansa ya fi ƙarfin bakinmu, sai muka bar shi a Ɗan Italiya. Masu sharhin tseren suna ihu da wani yare da babu wanda ya taɓa ji a garinmu, amma mai caji yana fassara mana ba tare da ko gezau ba. Wannan fa mutum ne da ko rubutun jikin kwalin magani sai ya miƙa wa wani ya karanta masa. In mai sharhi ya ja ihu mai tsawo, sai ya ce wai cewa ya yi yaron nan ba haka aka bar shi ba, akwai abin da aka jiƙa masa tun yana goye.

Daga bidiyo da bakin mai caji muka harhaɗa tarihin mutumin. Ya fara tun yana ƙarami, a kan wani ɗan babur da bai fi ɗan akuya ba. Ya girma, babur ya girma, ya yi ta ɗaukar kofi har muka daina tambayar wa ya ci, sai dai wa ya zo na biyu. Akwai shekarar da ya faɗi ya karye a ƙafa, muka yi jimami kamar ɗan unguwarmu ne, sai ga shi ya dawo kafin mu gama jimamin. Mai caji ya ce ai maɗorinsa daga wajen garin Isa aka ɗauke shi a jirgi. Daga baya yara sabbin jini suka taso suka fara wuce shi, shi kuma ya ci gaba da dariyarsa a bayansu. Rannan sai muka ga bidiyonsa ya ajiye babur ya shiga motar tsere, an ɗaure shi da bel kamar buhun da za a kai Maraɗi.

Kowa a shagon ya yi baƙin ciki, ban da ni. Ni gani na yi gurbi ya samu.

Abin da ya fi ɗauke mini hankali a tuƙinsa shi ne kwana. In ya zo kwana ba ya tsayawa tunani. Sai ya kwantar da babur gefe guda, ya fitar da gwiwa har ta goge kwalta, ka ce ya faɗi ke nan, sai ka ga ya miƙe ya wuce. Na lura akwai wani ɗan abu mai tauri da aka manna masa a gwiwar wandonsa. Na samo tafin tsohon silifa, na yanke shi daidai gwiwata, na ɗaure da robar tsohon tif a ƙarƙashin wando. Na fara gwaji da keke a bayan makaranta. Keke bai ba ni haɗin kai ba, amma na san matsalar ƙarancin gudu ce.

A gidanmu babur ɗaya ne, na yayana, da shi yake kabu-kabu tsakanin Sabon Birni da ƙauyuka, wani lokaci har Burkusuma. Yaya ba ya kallon tsere. Sau ɗaya na nuna masa, ya kalla, sannan ya tambaye ni ina fasinjan. Na ce babu. Ya ce ina kayan. Na ce babu. Ya miƙo mini wayar ya ce to wannan yawo yake yi. Ranar da na gaya masa Ɗan Italiya ya koma mota kuwa, cewa ya yi sai yanzu ya yi hankali.

Ashe shi ma hankalin yake shirin yi. A daminar bara wani direba a tashar Isa ya yarda zai ba shi motar haya ya riƙa ja, sai maganar babur ta taso: wa za a bar wa? Mu biyu ne a layi, ni da taubashina, ɗan kawuna, wanda ya girme ni da kaɗan. Taubashin nan nawa in yana tuƙi jaki yakan wuce shi ya waiwayo. Kaji ba sa tashi daga hanya in sun hango shi, sun san za su gama kiwonsu kafin ya iso. Ni kuwa babur ɗin nan shi ne duk abin da nake so a duniya. Da shi za ni daina zama yaron aike, da shi za ni shiga layin 'yan kabu-kabu a bakin kasuwa a kira ni da sunan sana'a.

Yaya ya ce ba zai yi gardama da kowa ba, Kaka ce za ta raba. Kakarmu ita ce fasinja mafi wuya a ƙasar Gobir. Tana jin ramin da babur bai riga ya faɗa ba, tana kuma da ƙulli a hannu, wato naushi, wanda take ajiyewa a tsakiyar bayan direba. Taubashina ya riga ya kai ta Isa gaisuwa, ta dawo ta ce barci ta yi a hanya. A wurin Kaka babu yabon da ya wuce wannan. Ni kuma aka ce in kai ta suna wani ƙauye gaba da Unguwar Lalle, mu juyo da wuri, don hanyar ba ta yamma ba ce a shekarun nan.

A kan hanyar, bayan an bar babban titi, akwai wata kwana mai kyau da ta zagaye gonar gero. Na daɗe da sa mata ido. Shirina mai hankali ne: in kai Kaka a hankali, in sauke ta, in dawo ni kaɗai in yi kwanar Ɗan Italiya, in koma in ɗauko ta ba wanda ya sani. Na ma gaya wa wani abokina ya tafi da keke ya jira ni a wurin da waya, don abin tarihi ba a yinsa babu shaida.

Da safe Kaka ta hau, ta gyara zama, ta ɗora ƙwarya a cinya. Ta ce, “To angona, in ka kashe ni dai kai ka zama gwauro.” Na ce mata ai ko ta mutu akwai 'yan mata a layi. Ta ba ni ƙulli ɗaya na buɗe hanya, muka tashi.

Ban taɓa tuƙi mai kyau irin na ranar ba. Na bi kowane rami da ladabi. A cikin rairayi na sauke ƙafafu biyu, na riƙe babur a miƙe kamar yadda Yaya ya koya mini, don rairayi ba ya son a karkata masa. Kaka ta yi ta mita a farko, kan tsadar goro da rashin kunyar jikoki, sannan mitar ta yi ƙasa, ta koma gunaguni, ta ɗauke. Barci ta yi. Wato na riga na ci jarrabawar, makullin yana aljihuna, saura kawai in isa.

Shirun nan nata shi ya cuce ni. Bayana ya yi sakayau, babu ƙulli babu magana. Muna fitowa daga wani ɗan kwari sai ga kwanar, sai ga abokina a tsaye a gindin gawo. Ya iso da wuri, yana hango ni kuma ya ɗaga waya. Ban san me ya shiga kaina ba. Ido na ga waya, hannu ya murɗa totur. Na ji ihun masu sharhi a kunnena, har da fassarar mai caji. Na zame gefen hagu, na fitar da gwiwa mai silifa, na kwantar da babur.

Abin da bidiyo bai taɓa koya mini ba shi ne, fasinjan ƙasarmu in ya ji babur ya karkata, ya san faɗuwa ce, kuma aikinsa ne ya hana. Kaka ta farka a tsakiyar salati, ta jefa duk nauyinta dama, ta cafki wuyan rigata da hannu ɗaya ta ja. Ni ina hagu, ita tana dama. Babur ya rasa wanda zai bi a cikinmu, sai ya yi adalci ya miƙe sak. Hanya ta yi kwanarta ita kaɗai, mu muka shige gonar gero.

Mun yi tafiya a cikin gonar nan fiye da yadda ya kamata. Kunya bayan kunya babur yana tsalle, gero yana marina ta ko'ina, ƙulli yana sauka a bayana kamar ana dakan sussuka. Can injin ya gaji ya mutu, babur ya kwanta a hankali. Kaka ta sauka a tsaye, ƙwarya a hannu, ko dawo ɗaya bai faɗi ba. Ni ne a ƙasa. Gwiwata ta taɓa ƙasa a ƙarshe, amma ta dama ce, wadda ba ta da silifa.

Kaka ta dubi geron da ya kewaye mu, ta dube ni. Ta ce, “Angona, nan ne gidan sunan?”

Mai gonar ya fito daga cikin gero da fartanya a kafaɗa, fuska a ɗaure. Kafin ya buɗe baki Kaka ta gane shi, ta san uwarsa tun suna 'yan mata. Ta shiga gaishe shi, ta tambayi uwar, da ƙannen uwar, da wata saniya da suka taɓa yi, har mutumin ya manta abin da ya fito da shi. Shi ya taya ni fitar da babur, ya koma da dawo biyu a hannu yana godiya. Da muka hau hanya Kaka ta ce in share hawayena, ba ta tona asirin miji a gaban dangi.

Ta kuwa cika alkawari. Da muka dawo Yaya ya tambaye ta, ta ce, “Ya iya. Har barci na yi.” Ba ta yi ƙarya ba ko kaɗan. Yaya ya dube ni da mamaki, ya ce to, jibi in ya karɓi mota za mu yi magana. Na kwana ina zaɓen sitikar da za ni manna a tanki.

Abokina kuwa wayarsa ta mutu a hanyar dawowa, ya kai ta caji. Mai caji ba ya barin memori ya shiga shagonsa ya fita bai leƙa ba. Kafin azahar ta washegari duk wanda ya zo a zuba masa tsere sai a ƙara masa da nawa kyauta, mai caji yana sharhi a kai. Ya ce wannan shi ne tsere na farko a duniya da fasinja ta ci direba. Kafin la'asar bidiyon ya isa tashar Isa, direbobi suka kira Yaya ya zo ya ga abin dariya, wani yaro da tsohuwa.

Da ya dawo gida bai yi faɗa ba, na kuwa fi son ya yi. Ya zaunar da ni a zaure, ya kunna bidiyon, ya tsayar da shi daidai inda Kaka ta farka. A hoton bakinta a buɗe, kallabinta ya zame, hannunta ɗaya a wuyana. A kan babur ban ga fuskarta ba, tana bayana. A nan na ganta, kuma ba fuskar wasa ba ce. 

Ya ce, “Da kai kaɗai ne, da na fi kowa dariya.”

Kaka ta leƙo ta ce a bar mata mijinta, yaro ne. Yaya ya ce shi ma abin da ya gani ke nan.

Ranar da ya karɓi mota ya miƙa wa taubashina makullin babur. Shi yake kabu-kabu da shi har yanzu, tsofaffin unguwa kuma layi suke yi masa. Ni in za ni Isa a bayansa nake hawa.