Saƙon Rasuwar da Ba Mu Kai Gashua Ba

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar yayana, Gambo Wanzami, kuma har yau idan Alhamis ta zagayo sai in ji kunyar kaina. Dalili kuwa wani kuskure ne da mu 'yan gidansu muka yi ranar da ya rasu, wanda ba mu ma san mun yi ba sai bayan shekara biyu.

Wanzanci gadonmu ne tun kakanninmu da suka taso daga Haɗeja suka zauna a Nguru. Ni na zille na zama malamin makaranta, shi ya riƙe zabira. Ranar Alhamis ba ya zama a kasuwa. Sai ya rataya zabirarsa ya zaga gidajen wasu tsofaffin sojoji uku a nan Nguru, sannan ya shiga mota zuwa Gashua wurin wasu biyu, Saje Maina da Kofur Audu. Mutane ne da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a barikokin kudu, suka dawo suka tarar garin bai san su ba. Sa'o'insu sun mutu, 'ya'yansu sun yi zamansu can inda aka haife su, maƙwabta kuma suna kewaye su, wai tsohon soja ba ya rasa taɓin hankali.

Na sha tsokanarsa. Na taɓa ce masa, "Yaya, wai gashi nawa ne a kan Kofur Audu da za a riƙa aske shi duk mako? Ai sanƙo ne tal!" Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Kai dai malami ne kawai. Soja ba ya yarda a zo dubansa kamar mara lafiya. Amma aski ai ba ya korar wanzami."

Daga baya na gane abin da yake nufi. Wanzami a gefe yake tsayawa, ba ya kallon idon mutum. Zai jiƙa kai da ruwa, ya wasa aska a hankali, ya ja askin minti goma ya kai awa guda. Mutum ya sunkuyar da kai, yana kallon ƙasa, sai bakinsa ya buɗe. Yaya bai taɓa tambayarsu labarin yaƙi ba, kuma abin da suka faɗa masa da shi aka binne shi.

Ranar Talata da hantsi ya cika, kafin azahar mun kai shi. Muka aika Haɗeja, muka aika wa surukansa a Machina, muka sanar da sarkin aska da mutanen kasuwa. Sojojin Nguru a bakin mutane suka ji, biyu daga cikinsu suka dogaro sanda suka zo sadakar uku. Wallahi na gan su, na gaisa da su, amma ko kaɗan Gashua ba ta faɗo mini a rai ba. Mu dangi muke lissafawa da maƙwabta da abokan sana'a. Wanda ake yi wa aski ba ya cikin waɗanda ake aika wa.

Bayan shekara biyu, a layin masu kifi, wata mata mai kawo banda daga Gashua, Ya Falmata, ta tsare ni da ido ta ce, "Kai ba ƙanen wanzamin nan ba ne? Me maƙwabcina Saje ya yi masa da ya yanke ƙafa?" Washegari na kama hanya.

Na sami Saje Maina a wani ɗaki kusa da kogi, gemu ya cika masa fuska. Kofur Audu kuwa ya rasu tun da damina. Na faɗa wa Saje rasuwar Yaya. Sai ya ce, "Ashe mutuwa ya yi. Audu cewa ya yi warinmu ne ya ishe shi. Ni kuma na ce a'a, surutu muka cika. A kan haka muka yi ta musu har Audu ya tafi." Sannan ya dafa bango ya miƙe tsaye, ya yi mini ta'aziyyar da muka hana shi yi shekara biyu. Na yi kuka a gabansa, ba zan ɓoye ba.

Tun daga nan nake zuwa, amma ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba: wani lokaci sai wata biyu ban leƙa ba. In na je ma, ban iya riƙon aska ba. Ina zama ne a gabansa ido cikin ido kamar mai ɗaukar jarrabawa, mu gaisa, in tambayi jiki, ya ce da sauƙi, shi ke nan sai shiru. Sojojin Nguru ukun nan duk sun bi Yaya ɗaya bayan ɗaya, kuma babu jana'izar da ta cika sahu biyu.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Wanzamai sun koma shago da inji, babu mai bi gida-gida. Wasu matasa sun taɓa kai wa Saje shinkafa, suka sa shi ya ƙame ya sara musu, suka ɗauke shi a waya, ba su sake komawa ba. Ga kuma sababbin sojoji suna dawowa daga daji, samari ne da ba su kai arba'in ba, wani ba ƙafa, wani yana magana shi kaɗai a bakin tasha. Ina jin Yaya ba zai ce komai ba, Laraba zai ƙara a kan Alhamis. Ni kuwa ko guda ɗayan da ya bari ya gagare ni.

Watan jiya na je. Saje ya rame ƙwarai, ba ya iya tashi. Na yi sallama zan tafi sai ya riƙe bakin rigata ya ce, "Malam, Gambo mantawa aka yi ba a faɗa mana ba. To ni fa? Ko an tuna, wa za a faɗa wa?"

Na fita na tsinci gawayi a murhun Ya Falmata, na rubuta lambar wayata da manyan baƙi a bangon ɗakinsa, na roƙe ta ko wane lokaci ne a kira ni.

In aka ce in auna abin da ya saura na shekarun da Yaya ya yi yana wannan zirga-zirga, iyakarsa ke nan. Bai bar ƙungiya ba, bai bar magaji ba. Ya bar tsoho ɗaya da yanzu ya san ba gudunsa aka yi ba, da mutum ɗaya da za a faɗa wa. Allah ya jiƙan Gambo, ya yafe mana. Ni dai yanzu duk baƙuwar lambar da ta kira ni, ko ina tsakiyar aji nakan ɗauka.