Ƙullin Kazar da Na Kai Lafia Na Dawo da Shi

Mun bar gida ana kiran assalatu, ni da yarinyar a bayana, maigida ya raka mu bakin titi da tocila. 'Yan uwa da kuka yi ta tambayata yadda muka ƙare da likita, ga labarin, ku yi haƙuri da rubutuna, a aji shida na tsaya.

Ga wanda bai sani ba, 'yata ce ta fari, shekararta biyu da 'yan watanni. Tun da ta tashi daga zazzaɓin da ya kwantar da ita ta ɗaura gaba da abinci. Kunu sai mun yi mata ɗura, ni na riƙe hannuwa, surukata ta toshe hanci, rabi ya shiga rabi ya dawo. Awarwaron da ke matse mata hannu yanzu har gwiwar hannu yake zamewa. Da za mu fito surukata ta miƙo min ƙullin leda, soyayyar kaza ce ta yanka tun jiya. Ta ce yaro ba ya mayar da jiki sai da nama, in riƙa ba ta a hanya.

Daga wajen Asakyo muka samu motar Lafia. Kuɗin mota ya kusa ninka yadda na san shi, kuma duk da haka mu huɗu aka cusa a baya, ga buhun agushi a ƙarƙashin ƙafata. Wata 'yar Tibi mai kai doya kasuwa ta karɓi jakata ta ɗora a cinyarta don in samu in sauko da yarinyar. Ta ɓare lemu ta ba ta, yarinyar ta juya kai. Na yago kazar na kai bakinta, nan ma ta datse haƙora. Hanya kuwa wani wajen sumul, wani wajen direba sai ya bar titi ya bi gefen gona. Da muka iso Akurba na ga gidaje sun cinye filayen da na sani da rogo.

Yayata da ke aure a unguwar Bukan Sidi ita ta tare mu, muka hau keke mai ƙafa uku zuwa asibiti. Likita ya duba, ya ɗora ta a sikeli, ya ce cuta ta fita, abin da ya rage ci ne. Amma ya ce idan muka dawo nauyinta bai ƙaru ba, zai ba mu gado a sa mata roba ta hanci. Tun da na ji kalmar roba ban ƙara fahimtar sauran bayaninsa ba.

Da muka fito rana ta take. Yaya ta ce ba za ta kai ni gida da wannan fuskar ba, akwai wani gidan abinci na Indiyawa da aka buɗe kwanan nan, ta daɗe tana son leƙawa. Na ce mata ni yanzu ko tuwon gidanmu ba zai wuce min ba, balle na mutanen da ban san yadda suke yanka ba. Ta yi dariya ta ce ai an hutar da ni, su ba sa yanka komai, ko ƙwai babu a gidan. Na ɗauka zolaya ce. A ce mutum ya buɗe gidan abinci, ya sa fanka da kujeru masu kyau, kuma babu ko tsoka ɗaya?

Ni Indiya a fim kawai na san ta, shi ya sa na shiga ina dube-dube ko zan ga masu rawa. Babu. Ɗaki ne fes, ƙamshin kanumfari da wani abu da ban sani ba ya cika shi, ga wurin wanke hannu a bakin ƙofa. Can kusa da kicin wata tsohuwa mai furfura na zaune da zanensu na yafawa, tana tsince wake a tire kamar yadda kakata ke yi. Mai kawo abincin kuwa 'yar nan ƙasar ce, Hausarta irin ta kasuwar Lafia.

Aka kawo mana faranti babba na ƙarfe, an jera ƙananan kwanuka a kai kamar kayan wasan yara. Ga gurasa siririya mai zafi, ga miyar wake rawaya, ga dankalin turawa da yaji, ga alayyafo da wasu farare a ciki da na zaci awara ce, ashe cuku ne. Har da kindirmo. Akwai wani ja a gefe, na cika cokali na kai baki a zatona miya ce. Ɗanyen mangwaro ne aka jiƙa da barkono da gishiri. Yaya ta miƙo min kindirmo tana dariya har da hawaye.

Abincin da daɗi, ba zan ɓoye ba, amma idona na kan yarinyar. Na ba ta gurasa ta ture. Na ba ta cuku ta tofar. Sai kawai na zuge jaka na ciro ƙullin surukata na kwance shi a kan tebur. Wallahi ban kawo komai a raina ba, a wajenmu wa zai hana uwa ba ɗanta nama?

Mai kawo abinci ta iso da sauri har tana tuntuɓe.

"Madam, rufe, rufe. Nama ba ya shiga nan. Mama zai gani."

Ai kuwa ta riga ta gani. Tsohuwar ta ajiye tire ta taso, ta rufe hanci da bakin zanenta. Mutanen tebur na kusa suka juyo. Na ƙulle ledar da sauri, na fara neman zanen goyo, don na tabbata korar mu za a yi. Yaya ta shiga ba da haƙuri tana bayanin abin da likita ya ce.

Ashe tsohuwar ta zauna a Kano shekaru, tana jin Hausa. Ta ce in mayar da ƙullin jaka, ba faɗa. Ta kama hannun yarinyar ta ga yadda awarwaron ke yawo, sannan ta shige kicin.

Ta ɗan jima kafin ta fito da ƙaramin kwano. Shinkafa ce da wake marar ɓawo, an dafa su sun narke kamar fate, rawaya saboda gangamau, babu yaji. Ƙamshin man shanu na tashi, irin namu sak. Na gyara yarinyar a cinyata na kama hannuwanta yadda muka saba. Tsohuwar ta dafa wuyan hannuna.

"A'a, 'yata. Sake ta. Kar ki kalle ta, ni za ki kalla."

Ta ajiye kwanon a kujera gaban yarinyar, ta ɗebi kaɗan da yatsu ta ci, ta juya mata baya. Ta shiga tambayata me muke nomawa, ko ridi ya yi kyau bana, yaya muke kaɗa man shanu. Ina amsawa, wuyana kamar zai karye don son juyawa. Duk sanda idona ya zame sai ta ƙwanƙwasa tebur.

Yaya ce ta taka min ƙafa a hankali. Na saci kallo. Yarinyar ta tsoma yatsu uku tana lasa. Ta sake tsomawa. Ba ta cinye ba, amma ta ci kusan rabi da hannunta, ta shafe sauran a riga da gashi. Na rufe fuska da mayafi, don bai kamata a ga ina kuka a kan 'yar fari ba.

Kafin mu fita tsohuwar ta sa mai kawo abinci ta maimaita min yadda ake dafawa, ta ce waken gida ma ya yi idan na surfe ɓawon. Na durƙusa na yi godiya, ita kuma ta haɗa tafukanta biyu. Ko sunan juna ba mu tambaya ba.

Mun iso gida dab da magariba. Surukata ta ga ƙullinta ya dawo kusan yadda ya tafi, ta ɓata rai, sai da na kwashe labari duka na faɗa mata. Ta ce ai tun yaushe take ce min na cika zura wa 'yar fari ido babu kunya, amma sai da Ba'indiya ta faɗa na ji. Ban tuna mata wa ke toshe hancin ba. Ta zauna ta cinye kazarta.

Abin da na koyo a tafiyar nan, tsorona ma yana cikin abin da ya rufe bakin yarinyar, kuma Allah na iya ajiye maka sauƙi a gidan da ka shiga ka yi musu laifi. Ba mu koma sikeli ba tukuna, ku ci gaba da sa mu a addu'a. Amma mun bar ɗura. Yanzu haka kwanon na ƙasa kusa da ita, ni kuma na juya baya ina wannan rubutun, ina jin ƙarar cokali.