Wanda Ya Ɗauki Tsattsewar

Yayana mai hoto ne. Shagonsa ɗan ƙuƙut ne: farin labule, kujera ɗaya, madubi, da wani matajin kai da kowa ke ara. Hoton fasfo yake wuni yana ɗauka, “ɗaga haɓa, kar ka ƙifta.” Amma ba nan ransa yake ba. Kullum da sassafe yana bakin kududdufin bayan masaƙa, yana farautar tsuntsaye da kyamara.

Tsattsewa ce ta hana shi sakat. Ita ba ta tsayawa, kafin ka ɗaga hannu ta wuce. Yakan ce min, “Ba a bin ta a baya, tarar gabanta ake yi.” Shi ya sa ko yaushe yake bar wa tsuntsu fili a gabansa cikin hoto. Ni kuwa na sha yi masa tsiya, na ce ya ƙarar da fim kan fuka-fukai da wutsiya. Shekara goma sha ɗaya ana haka.

Wata safiya ya shigo gidana wandonsa duk laka. “Na same ta. Bakinta a ruwa, fiffike a buɗe.”

Da rana Dogo ya biyo shagon ya ɗauki fim ɗin, kamar yadda ya saba. Dogo mai wankin hoto ne, amininsa tun suna firamare, a kwano ɗaya suke ci. Bayan kwana biyu ya dawo da fuskar tausayi, wai haske ya shiga, fim ya ƙone. Yaya ne ma ya riƙa ba shi haƙuri.

Shekara ta zagayo, na je kemis sayen magani, sai ga kalandar wani kamfani a bango. Tsattsewa, bakinta a ruwa, fili a gabanta, har da tsohuwar tayar da ke gefen kududdufin nan. A ƙasa an rubuta sunan Dogo. Na roƙi mai kemis ɗin ya ba ni ita, na kai wa Yaya.

Tare muka je wurinsa. Yaya ya shimfiɗa kalandar a kan teburi. Dogo ya dube ta, ya yi ’yar dariya.

“Haba abokina. Tambayata suka yi wa ya ɗauka, na ce ni. Ƙarya na yi? Ba ni na zo shagonka na ɗauka ba?”

Jira yake a taya shi dariya. Na buɗe baki zan wanke shi tas, Yaya ya riƙe min hannu, muka fito.

Har yanzu Yaya yana zuwa kududdufin. Rannan na raka shi. Tsattsewa ta taho, ya tari gabanta daidai, na ga yatsansa a kan maɓalli, amma bai danna ba.

“Yaya, ka ɗauka?”

“Na gani dai,” ya ce, ya mayar da murfin kyamarar.