Mai Gadin Ƙwai

A shekarar da ruwan sama ya cinye titunan Dubai bayan ƙaramar Salla, aurenmu ya kai shekara goma sha ɗaya babu haihuwa. Muna zaune a Al Karama, ni da maigidana, muna lodin kaya zuwa Kano. Likita ya ciro mini ƙwai uku rak, za a haɗa da maniyyin maigida a ɗakin gwaji.

Allura ba ta dame ni ba. Abin da ya tsinka mini zuciya shi ne ma'aikata kaɗan suka iya ratso ruwa ran nan, ga ƙananan farantan ajiye ƙwai birjik, duk iri ɗaya. In aka musanya, ɗan wa zan goya?

A ɗakin jira akwai wata Bayahudiya ɗaure da kallabi, tare da wata dattijuwa. Da Turancina na kasuwa na tambaya ko mahaifiyarta ce. Ta ce a'a, mai sa ido ce ta ɗauko. Malamansu sun yi saɓani kan wace ce uwa, mai ƙwai ko mai naƙuda, don haka ba a taɓa ƙwanta sai dattijuwar tana tsaye, kuma ita ke liƙe shi da hatimi.

Na juya wajen dattijuwar da carbina a hannu.

"Inna, don Allah ki tsaya mini a kan nawa."

Dattijuwar ta dubi wadda ta ɗauko ta, ita kuwa ta gyaɗa kai. Likita ya yi ta gardama, daga baya ya sa muka sa hannu. Dattijuwar ta nemi alamar da ba mai iya kwaikwaya a asibitin. Na rubuta sunana da ajami, irin rubutun da mahaifina ya koya mini a allo.

Kwana biyar abinci bai shige ni ba. Ranar da za a dasa mini ƙwan a mahaifa, dattijuwar ta nuna mini hatimin bai motsa ba, ga ajamina a jiki. Allah cikin ikonSa ɗaya ya kama.

Bayahudiyar nata bai kama ba. Da ta sake gwadawa karo na biyu, awon jininta ya faɗo ranar Asabar, ranar da a addininsu ba ta hawa mota, ba ta taɓa maɓallin lantarki, ba ta ɗaukar kaya a waje. Ni kuwa tun da ta ara mini dattijuwarta nake jin tana bina bashi. Ta kama masauki kusa da asibiti, na je da cikina wata huɗu muka taka tare cikin zafin rana. Ni na wuce gaba ƙofofin lantarki suka buɗe, ni na riƙe mata takardu, muka hau bene shida da ƙafa. A sama ta riƙe hannuna tana haki, ta ce:

"Khalas, shi ke nan, 'yar'uwa. Kin biya."